Tanderun Lantarki da Zuga-zugi: Lokaci Ya Yi da Makaranta Za Ta Ziyarci Maƙera

Wata shekara, bayan ruwa ya fara ja da baya, na ɗebi ɗalibaina muka nufi fadamar da ke tsakanin Haɗejiya da Kirikasamma domin nazarin ciyawar kachalla. Kafin mu tashi na biya maƙera na sayi lauje biyu wajen wani dattijo. Rana ɗaya ya ƙera su, daga guntun sifirin ɗin mota guda. Azahar ba ta yi ba sai da bakin ɗaya ya ɓalle kamar tangaran, ɗayan kuwa kaifinsa ya lanƙwashe kamar murfin gwangwani. Da na mayar masa da su, sai ya juya su a hannu, ya ce, "Malam, wannan wuta ta yi masa yawa, wannan kuwa bai ƙoshi ba." Na ce, "To Baba, yaya aka yi haka, alhali hannu ɗaya ya yi su?" Ya ce, "Ɗaya da hantsi na tsoma shi, ɗaya da almuru."

Amsar nan tasa daidai take, kuma babu littafin kimiyyar da zai ƙaryata ta. Dattijon ya san ciwon, ya san dalilinsa. Abin da ya rasa shi ne ma'auni. Wannan ne ya sa nake da ra'ayin cewa ya kamata makarantunmu na kimiyya da na koyon sana'a da ke ƙasar Haɗejiya su gina ƙaramin tanderun lantarki na horar da ƙarfe, su kuma buɗe ƙofarsa ga maƙeran garinsu. Da "horar da ƙarfe" ina nufin zafafa shi zuwa wani mataki sananne, da sanyaya shi ta wata hanya sananna, domin ya sami taurin da ake bukata.

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan malamin ilmin halittu da ƙira? Ruwana shi ne rayuwar fadamar nan a kan kaifin ƙarfe take tafiya. Masunci da ke feɗe tarwaɗa da karfasa domin banda, da mahauci, da wanzami, da manomin shinkafa a Auyo, kowannensu da ƙarfe mai kaifi yake neman abinci. Tun bayan da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin tafiyar ruwan Kogin Haɗejiya ya sauya. Wuraren da a da suke bushewa ƙayau da rani sun koma riƙe ruwa duk shekara, kachalla kuwa abin da take so ke nan, sai ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su har zuwa Guri da Nguru. Hanya mafi sauƙi ta karya lagonta ita ce a yanke ta a ƙarƙashin ruwa, domin ta ganyenta ne iska ke bi ta wasu ƙananan kafofi zuwa saiwa. Idan ruwa ya rufe kututturen da aka yanke, saiwar sai ta shaƙe. Mutumin da ya yini cikin ruwa har ƙirji yana wannan aiki, ya fi kowa sanin bambancin lauje mai riƙe kaifi da wanda za a riƙa fitowa tudu ana wasawa.

Abin da ke faruwa a cikin ƙarfe

Ɗalibin da ya yi darasin ƙashi zai fahimci maganar nan da sauri. Idan ka jiƙa ƙashin kaza a cikin ruwan asid na 'yan kwanaki, ma'adinin da ke ba shi tauri zai narke, ƙashin ya koma lanƙwasuwa kamar roba. Idan kuwa ka ƙona shi a wuta, furotin ɗin da ke ba shi juriya ne zai tafi, sai ya zama da ɗan matsawa ya ruɓushe. Ƙashin mai rai ya haɗa tauri da juriya, shi ya sa yake ɗaukar jiki ba ya karyewa da sauƙi. Lauje biyun nan nawa, ɗaya ya zama ƙashin da aka jiƙa, ɗaya ya zama wanda aka ƙona.

Ƙarfen da ake yin wuƙa da shi baƙin ƙarfe ne da aka gauraya da ɗan sinadarin kabon, wato asalin abin da ke cikin gawayi. Kason kabon ɗin bai taka kara ya karya ba: tsakanin 0.6 zuwa 1 cikin 100. Sifirin ɗin mota da maƙeranmu suka fi so yawanci yana da kimanin 0.6 cikin 100, da ɗan sinadarin kuromiyom. A cikin sanyi, ƙwayoyin zarra na ƙarfe suna jere ne cikin wani tsari da ba ya barin wurin zama ga kabon sai ɗan mitsitsi. Da zafi ya haura digiri 727 a ma'aunin Salshiyos, sai jerin ya fara sauyawa zuwa wani tsari mai wadatar gurbi, kabon ya narke a cikinsa kamar yadda sukari ke narkewa a ruwan zafi. Masana suna kiran wannan yanayi ostenait, domin tunawa da wani Bature na Ingila mai suna Roberts-Austen. Idan aka bar ƙarfen ya huce a hankali, kabon zai fice ya koma mazauninsa, ƙarfen ya yi laushi. Idan kuwa aka tsoma shi cikin mai ko ruwa nan take, kabon ba ya samun damar ficewa, sai ya maƙale ya takura jerin ƙwayoyin. Wannan takurarren tsari shi ake kira matensait, daga sunan Adolf Martens na Jamus. Yana da tsananin tauri, har magagari na zamewa a kansa, amma yana fashewa kamar gilashi.

Saboda haka ne ake da mataki na uku. Bayan tsomawa sai a sake ɗumama ƙarfen a zafi kaɗan, tsakanin digiri 180 zuwa 230, na sa'a ɗaya ko biyu. Wannan na rage masa ɗan tauri, ya ba shi juriya mai yawa. Maƙeri yakan gane matakin ta launin da ke bayyana a kan goggen ƙarfe: ruwan karan dawa a wajajen digiri 220, shuɗi kuma a wajajen 300.

Ga inda gizo ke saƙar. Zafin da ya dace a tsoma ƙarfen sifirin yana tsakanin digiri 800 zuwa 850. Ƙasa da haka kabon bai gama narkewa ba, wuƙa ta fito da laushi. Sama da haka sosai, ƙananan tubalan da ƙarfen ya ƙunsa sai su kumbura su yi girma, kuma ƙarfe mai manyan tubala saurin tsagewa yake yi. Taga ce ta digiri 50 kacal, a cikin wutar gawayin da zuga-zugi ke iya kai ta sama da digiri 1,200.

Ido ma'auni ne, amma mai ruɗi

Da ido maƙeri yake neman wannan taga, yana duban jan da ƙarfe ya yi. A nan ilmin halittu yana da ta cewa. Idon ɗan Adam yana daidaita kansa ne da hasken da ke kewaye da shi: ƙwayar ido na tsukewa da rana, ta buɗe da duhu, ƙwayoyin gani na bayan ido su ma suna rage ƙarfin amsawarsu ko su ƙara. Ƙarfen da ya yi ja jawur a cikin duhun rumfa, idan aka fito da shi hasken hantsi sai a ga kamar bai ɗau wuta ba. Mai aiki da rana zai ci gaba da zuga har ƙarfen ya wuce kima, mai aiki da almuru kuma ya cire shi tun bai kai ba. Abin da dattijon nan ya gaya mini ke nan a cikin jimla ɗaya.

Kada a ɗauki wannan a matsayin raina maƙera. An narka tama a Taruga, cikin yankin al'adun Nok, ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa, kuma an sami alamun narka ƙarfe a gindin Dutsen Dala na Kano tun wajajen ƙarni na 7. Masu da takubban da mayaƙan Haɗejiya suka fuskanci Turawa da su a 1906, zamanin Sarki Muhammadu Mai Shahada, a hannun maƙera ake gyaransu da wasa su. Philip Jaggar ya wallafa littafi guda a 1994 a kan maƙeran birnin Kano, inda ya nuna yadda suka riƙa karɓar sababbin abubuwa suna sauya sana'arsu da zamani. Mutanen da suka bar narka tama suka koma ga ƙarfen mota da na jirgin ƙasa sa'ad da suka ga ya fi sauƙi, ba za a kira su maƙiya sabon abu ba. Sai dai a da maƙeri ya san ƙarfensa tun daga ramin tama. Yau kuwa ƙarfen gwangwan yake saye, kowane guntu da irin haɗinsa, kuma idon da ya gada an horar da shi ne a kan wani ƙarfe dabam.

Yadda tanderun yake

Tanderun da nake magana a kai akwati ne na ƙarfe wanda cikinsa bai fi tsawon kamu ɗaya ba. Abubuwa huɗu ne ginshiƙansa, kuma kowannensu darasi ne da ke cikin manhajar sakandare.

Na farko shi ne bango. Ana jera bulo mara nauyi mai hana zafi fita, irin wanda ke jure digiri 1,260. Sirrinsa shi ne ƙananan kafofin iska da ke cikinsa, domin iskar da ke tsaye ba ta kai zafi da sauri, kamar dai yadda gashin tsuntsu ke riƙe masa ɗumi. Ana iya gwada yin irinsa a gida: a kwaɓa farar ƙasa irin ta Ƙanƙara a Jihar Katsina da ɓuntun shinkafa, a gasa, ɓuntun ya ƙone ya bar kafofi. Ɓuntu kuwa tsibi-tsibi yake a bakin injinan casa na ƙasar Haɗejiya.

Na biyu shi ne wayar zafi, wadda ake naɗewa kamar sifirin ɗin biro a kwantar a cikin 'yan kwaruruwan da aka sassaƙa a jikin bulon. An fi amfani da Kanthal, haɗin baƙin ƙarfe da kuromiyom da alminiyom, wanda wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin mai suna Hans von Kantzow ya samar, aka kafa kamfaninsa a 1931. Mafi ingancinta na jure kusan digiri 1,400. A nan ne lissafin aji zai yi rana. Wutar gidajenmu bolt 230 ce. Idan muna son tanderu mai ƙarfin wat 2,300, zai ja amfiya 10, kuma dokar Ohm ta nuna wayar za ta kasance mai turjiyar om 23. Daga nan ɗalibi zai auna turjiyar mita ɗaya ta wayar da ke hannunsa, ya lissafa tsawon da zai yanka.

Na uku shi ne ma'aunin zafi. Wayoyi biyu ne na ƙarafa dabam-dabam da aka haɗe bakinsu. Idan mahaɗar ta yi zafi sai ta haifar da 'yar wutar lantarki daidai da zafin. Thomas Seebeck ne ya gano haka a 1821. Samfurin da ake kira K, wanda ya fi yawa a kasuwa, yana ba da kimanin kashi 41 cikin miliyan na bolt ɗaya a kan kowane digiri.

Na huɗu shi ne 'yar na'urar daidaita zafi, wadda ake sayarwa da sunan PID. Tana karanta ma'aunin, ta kwatanta da zafin da aka umarce ta, ta kunna wuta ko ta kashe. Wannan shi ne aikin da wani sashe na ƙwaƙwalwarka yake yi dare da rana domin ya tsayar da jikinka a digiri 37: in zafi ya hau ya sa gumi, in ya sauka ya sa karkarwa. Malamin ilmin halittu da ya rasa abin da zai nuna wa ɗalibai a darasin daidaituwar jiki, ga shi nan a fili yana ƙyaftawa.

Ko ma'aunin ma sai an gwada gaskiyarsa, kuma hanyar ba ta da tsada. Gishirin miya yana narkewa a digiri 801, ƙarfe kuwa yana daina kama maganaɗisu a digiri 770. Maƙerin da ba shi da lantarki ma zai amfana da wannan na biyun: ya rataye maganaɗisun tsohuwar sifika kusa da wuta, da zarar wuƙa ta daina kamawa ya ƙara mata ɗan zafi kaɗan, sannan ya tsoma.

Masu ja da wannan ra'ayi

Hujja ta farko da za a kawo ita ce wutar lantarki, kuma hujja ce mai nauyi. Daga zamanin NEPA zuwa 2013 da aka miƙa rabon wuta a Kano da Katsina da Jigawa ga kamfanin KEDCO, ɗalibanmu sun san abin da ake nufi da ɗaukewar wuta da kuma raunin ta. Lissafi ma ya nuna illar raunin: idan wuta ta sauko daga bolt 230 zuwa 180, tanderun nan mai om 23 zai ba da wat 1,400 da 'yan kai, wato kusan kashi 60 cikin 100 na ƙarfinsa. Amsata ita ce tanderun ba ya bukatar wuta kullum. Ƙira ita ce ke cin kwanaki. Horo aikin sa'o'i biyu ne ko uku, kuma ana iya tara wuƙaƙe da yawa a yi musu rana guda. Ko da zai ja wuta ba tsayawa na sa'o'i biyu, yunit 4.6 ne kawai. Makarantar da ke da janareto ko faifan sola masu ƙarfi za ta iya ware masa yini ɗaya a mako. Wadda ba ta da hali kuwa, ta fara da mataki na uku kaɗai, domin digiri 200 ko tanderun gasa burodi na kai shi, kuma rashin wannan mataki ne ke karya wuƙaƙe da yawa.

Hujja ta biyu ita ce haɗari. Wayar zafi tsirara take a cikin akwatin, kuma wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ba tana iya tsayar da zuciya idan ta ratsa ƙirji. Don haka ne nake cewa makaranta, ban ce ɗaki ko zaure ba. Kada wani ɗalibi ya karanta wannan ya je ya jona waya a gida. Dole a haɗa jikin akwatin da wayar ƙasa, a sa makunnin da ke yanke wuta da zarar an buɗe ƙofa, da na'urar da ke katse wuta idan ta zurara, kuma ƙwararren mai aikin lantarki ya duba kafin a kunna. Ƙurar bulon tana ɗauke da silika mai lalata huhu, saboda haka a rufe hanci lokacin sassaƙa. A guji tsoma ƙarfe cikin baƙin man mota, hayaƙinsa guba ne. Man gyaɗa da aka ɗan ɗumama ya wadatar. Kada kuma mu manta wutar gawayi da aka saba da ita ma tana da nata haɗarin: iskar da take fitarwa a rufaffen wuri tana kama jini fiye da iskar shaƙa sau 200 da ɗoriya.

Hujja ta uku ita ce tsoron kada makaranta ta zama masana'antar makamai ga 'yan daba. Ban raina wannan tsoro ba. Sai dai ɗan daba bai taɓa rasa wuƙa don rashin tanderu ba, manomi ne ke rasa lauje mai kyau. A tsara aikin a kan lauje da fartanya da kurfi da wuƙar feɗe kifi, a rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya kawo shi, a kuma sa Sarkin Maƙera a cikin sha'anin tun daga farko.

Akwai kuma wata hujja da masu goyon bayana kan kawo, wadda ni ba na karɓarta gaba ɗaya. Sukan ce tanderun lantarki zai ceci itatuwa. Gaskiya ne maƙera sun fi son gawayin ƙirya, itaciya mai jinkirin girma, kuma a hanyar gargajiya sai an ƙona kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a sami kilo ɗaya na gawayi. Amma mafi yawan gawayin maƙera wajen dukan ƙarfe yake tafiya, tanderun kuwa bai shafi wannan ba. Ribar da za a samu ta bayan fage ce: laujen da ya shekara biyu ya hutar da gawayin ƙera na biyu. Mai son ceton ƙirya da gaske ya dubi abin da ake yi a bakin Kogin Sanagal, a Muritaniya da Sanagal, inda ake mayar da kachalla gawayi. Mu da ke da kachalla har ta yi mana yawa, ya kamata mu gwada.

Abin da nake roƙo

Ga malamai, ina ba da shawarar a haɗa kai tsakanin malamin fiziks da na kemistiri da na aikin ƙarfe, a ɗauki wannan a matsayin aikin kulob ɗin kimiyya na shekara guda. Kwalejin fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗejiya, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, duk suna kusa, kuma ya dace a nemi taimakonsu wajen duba haɗin wutar. Tanderu ɗaya a kowace daga cikin ƙananan hukumomi takwas na masarautar bai fi ƙarfinmu ba.

Ga ɗalibai kuma, gwajin farko bai bukatar ko waya. Ku je maƙera, ku gaida dattawa da ladabi, ku roƙi a yanka muku guntaye uku daga sifirin guda. Ɗaya a tsoma shi tun yana kama maganaɗisu, ɗaya jim kaɗan bayan ya daina, ɗaya kuma sai ya yi ruwan lemo mai haske. Ku goga magagari a kan kowanne, ku rubuta abin da kuka ji. Sannan a naɗe su da tsumma, ku kare idanunku, maƙerin ya karya su, ku dubi bakin karayar da gilashin ƙara girma. Za ku ga na tsakiya sumul kamar garin alkama, na ƙarshe kuwa tsaki-tsaki kamar yashi. Ku nuna wa maƙerin, ku saurari abin da zai ce, ku rubuta shi ma, domin gani ya kori ji.

Ɗan maƙerin da ke zaune a ajinmu ya daɗe yana jin cewa abin da mahaifinsa ke yi wani abu ne, kimiyya kuma wani abu dabam. Ranar da ya kai wa mahaifinsa takardar da ke nuna digirin da ya dace da kowane irin ƙarfe, mahaifin kuma ya gyara masa kuskuren riƙon awartaki, ranar ce makaranta za ta fara biyan bashin da maƙera ke bin ta. Allah Ya sa mu ga wannan rana.